Waƙar "Xemx" ta mutanen Malta: Larabci ce? Kuma me ya sa ta ƙi tsufa?

Abban_Humaira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata tsohuwar waƙa ta ƙasar Malta da nake so mu zanta a kanta. Malta tsibiri ce a tsakiyar Bahar Rum, kudu da Sisili, arewa da Libiya. Sunan waƙar "Xemx", wato rana, wadda ke fitowa daga gabas. Wata ƙungiyar mawaƙa ce ta yi ta, The Tramps, 'yan Gozo, ɗaya daga cikin tsibiran ƙasar, a shekarun 1970, kuma Dominic Grech ne ya rera ta. Da harshensu na gado, Maltanci, suka yi ta, alhali kuwa Turanci ma harshen hukuma ne a ƙasar.

Abu biyu nake so in ji daga gare ku. Na ɗaya, masu Larabci a cikinmu su saurara su faɗa mana, wannan harshe Larabci ne ko kuwa? Kunnena yana ce min Larabci ne, amma zancen ba ya shiga. Na biyu ra'ayina ne, kuma na tsaya a kansa: waƙar nan hujja ce cewa mawaƙi ba sai ya bar harshen uwarsa ba kafin waƙarsa ta rayu. Mutanen Malta duka-duka rabin miliyan ne da 'yan kai, amma ga waƙa tana neman shekara hamsin, jikoki suna rera abin da kakanninsu suka rera. Bismillah.

Maman_Iman:
Wa'alaikumus salam. Na duba YouTube ban same ta ba. Yaya ake rubuta sunan?

Gwanin_Kwamfuta:
Hajiya, rubuta shi daidai yadda Abban Humaira ya kawo, X-e-m-x, ki ƙara The Tramps a gaba. A rubutunsu harafin x shi ne "sh" namu, shi ya sa ake furta shi "shemsh". Za ki ga ta asali, za ki kuma ga waɗanda wasu mawaƙan suka sake rerawa daga baya. Ki fara da ta asalin.

Ɗalibin_Azhar:
Na saurara sau da yawa. Larabci ne, babu tantama. Shams ce dai ta Larabci. Kalmomin so da na kyau da na ji a ciki duk na san asalinsu. Karin harshe ne irin na Magrib, wato ƙasashen su Tunisiya da Maroko, ya lalace saboda zama cikin Turawa. Ni ban ga dalilin da za a ba shi wani suna daban ba.

Bazazzagiya:
Malam Ɗalibi, to in Larabci ne fassara mana ita daga farko har ƙarshe mana.

Ɗalibin_Azhar:
Kalmomi nake tsinta, 'yar'uwa, ba jimla ba. Amma ai ko Bamisire in ya saurari mutumin Maroko tsintar kalmomi yake yi, kuma ba wanda ya ce ɗan Maroko ba Larabci yake yi ba.

Malamin_Lugga:
Allah ya ƙara sani, Ɗalibin Azhar. Hujjarka ta ƙarshe tana da ƙarfi, amma akwai bambanci babba tsakanin mutumin Maroko da mutumin Malta, kuma bambancin a tarihi yake.

Musulmi daga daular Aglabawa ta Tunisiya sun ci Malta da yaƙi a shekarar 870. Larabcin da ya zauna a tsibirin irin wanda ake yi a Sisili ne a wancan zamani, ɗan'uwan na Tunisiya. A 1091 Roger, shugaban Normawa, Turawa Kiristoci masu mulkin Sisili, ya ƙwace tsibirin. Musulmi sun ci gaba da zama har cikin ƙarni na 13, sannan aka kori wasu, sauran suka koma Kirista. Daga nan igiyar da ta ɗaure harshen da Larabcin littafi ta tsinke. Mutumin Maroko, duk yadda karin harshensa ya yi nisa, yana jin Alƙur'ani kullum, yana jin huɗuba, yana karanta jarida da fusha, harshensa yana komawa mashaya ɗaya da ta Bamisire. Mutumin Malta ya yi shekara ɗari bakwai da ɗoriya ba shi da wannan. Coci da kotu da makaranta duk da Latin da Sisilanci da Italiyanci suka yi ta aiki. A 1530 aka ba mayaƙan Kirista na ɗarikar Saint John tsibirin, suka riƙe shi har Napoleon ya kore su a 1798. Ingila ta shigo a 1800, ba ta fita ba sai 21 ga Satumba 1964 da suka sami 'yanci.

Abin da wannan ya haifar shi ne harshe mai ƙashi na Larabci: yadda ake sarrafa fi'ili, yadda ake jam'i, lamirai, ƙidaya, sunayen gaɓoɓin jiki, rana da wata da teku da gida, duk daga can suke. Amma in aka ƙirga kalmomin ƙamus, kusan rabi daga Italiyanci da Sisilanci suka fito, na asalin Larabci wajen kashi ɗaya cikin uku ne, ga na Turanci suna ta ƙaruwa. Shi ya sa masana suke lissafa shi a matsayin harshe mai zaman kansa a cikin dangin harsunan Semitik, wato dangin su Larabci da Ibrananci. An mai da shi harshen hukuma a 1934, kuma tun da Malta ta shiga Tarayyar Turai a 2004 ya zama ɗaya daga cikin harsunan hukuma na tarayyar, shi kaɗai ne Semitik a cikinsu.

Dalilin da ya sa waƙar ta yi wa Ɗalibi kama da Larabci sosai shi ne waƙar soyayya ce. Zancen zuciya da tsofaffin kalmomi ake yin sa. Da labaran kotu ko na kasafin kuɗi ka saurara da Maltanci, da ka ce Italiyanci ne.

Bazazzagiya:
Allah ya gafarta Malam, wannan sakin layi na ƙarshe ya warware min abin da ya ɗaure min kai. Na gode.

Ɗan_Agadas:
Ni ban yi karatun Larabci mai zurfi ba, amma na yi shekaru ina aikin gini a Sabha da Turabulus. Wallahi na fi gane waƙar nan fiye da yadda nake gane labaran Larabci na talabijin. Yadda suke cinye wasulan farkon kalma, haka 'yan Libiya ke yi. Kuma 'yan Libiya ma Italiya ta mulke su, bakinsu cike yake da kalmomin Italiyanci, musamman a kayan mota da na girki. Don haka in ka tambaye ni, wanda ya zauna Turabulus ko Tunis ya fi ɗalibin jami'a saurin kama wannan harshe. Ba raini ba ne, Malam Ɗalibi.

Ɗalibin_Azhar:
Ban ɗauka raini ba ne, ɗan'uwa. Ai maganarka ƙarfafa tawa ta yi. In mai Larabcin Libiya yana ganewa, me ya rage?

Baƙon_Marsa:
Salamu alaikum. A Malta nake zaune, ina aiki a kicin ɗin wani otal da ake yawan yin bikin aure a cikinsa. Bari in faɗi abin da nake gani da idona.

Waƙar nan ba ta cikin waɗanda ake buɗe biki da su. Da farko kiɗan Turanci ake sa wa matasa. Sai dare ya yi nisa, an ci an ƙoshi, sai makaɗa su juyo kan tsofaffin waƙoƙin gida. Da an taɓa sautin farko na Xemx za ka ga tsofaffin da suke zaune tun ɗazu sun miƙe, an dafa kafaɗar juna, kowa na rerawa. Mawaƙin ma yakan yi shiru ya miƙa wa jama'a makirufo. Har mu da muke wanke-wanke a baya mun haddace karin. Abokan aikina 'yan Nepal da Filifin suna bi da baki ko da ba su san ma'ana ba.

Amma Ɗalibin Azhar, in ka zo nan kada ka ce wa mutum harshensa Larabci ne da ya lalace. Wasu za su yi fushi sosai. Masu ilmi a cikinsu sun yarda daga Larabci ya fito, suna ma alfahari da hakan, amma kalmar "lalace" ba mai karɓar ta. Akwai kuma tsofaffi da za su rantse maka cewa daga harshen Finikiyawa, mutanen da na gaɓar Labanon, ya fito.

Malamin_Lugga:
Wannan zance na Finikiyawa tsoho ne, an yi ta yayata shi a ƙarnonin baya, wani ɓangare saboda mutane ba sa son a danganta su da Larabawa da Musulunci. Finikiyawa sun zauna Malta da gaske tun kafin haihuwar Annabi Isa, amma binciken harshe ya nuna Maltanci na yau daga Larabcin Magrib ya tsiro. Ko sunayen garuruwa sun ishe ka shaida: Mdina, Rabat, Marsa, Żejtun.

Uwargida_Damagaram:
Baƙon Marsa, Allah ya tsare ka a can. Tambayata, su Musulmi ne ko Kirista? Wata ƙawata ta ce min ta ji suna kiran sunan Allah.

Baƙon_Marsa:
Amin Hajiya, na gode. Kiristoci ne 'yan Katolika, kuma masu riƙo sosai, kowane ƙauye da babban cocinsa da bikin waliyyinsa a lokacin zafi. Amma gaskiyar ƙawarki, Ubangiji "Alla" suke ce masa, har a cikin coci. Azuminsu na kafin Ista kuwa "Randan" suke kiransa. Abin da ya fi sauƙaƙa min zama da na zo shi ne ranakun mako: it-Tnejn, it-Tlieta, l-Erbgħa, il-Ħamis, il-Ġimgħa, is-Sibt, il-Ħadd. Ki karanta a hankali za ki ji Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. Jadawalin aiki ban taɓa neman a fassara min shi ba. Amma in za su gaishe ka da safe sai su ce "bonġu", godiya kuma "grazzi". Masallaci babba yana garin Paola, Libiya ce ta gina shi, an fara aikin tun ƙarshen shekarun 1970, nan muke zuwa Juma'a in aiki ya bari.

Uwargida_Damagaram:
Ikon Allah. Mu ta Sahara muka samo ranakun, su ta teku.

Sarkin_Garaya:
Kowa ya tafi kan harshe an bar kiɗan. Ni makaɗi ne, bari in yi magana a kan abin da na sani. Ku rufe ido ku manta da kalmomin, ku saurari karin kawai. Babu Larabci ko kaɗan a cikinsa. Ba irin lanƙwasa muryar nan ta mawaƙan Masar, ba kiɗan Magrib. Waƙa ce mai tafiya a hankali irin ta Italiya ta wancan zamani, jita da ganga da molon Turawa mai maɓallai. Kuma ba abin mamaki ba ne, don mutanen Malta sun daɗe suna kama tashoshin talabijin na Italiya, suna kallon gasar waƙa ta Sanremo.

Sirrinta a wurina sauƙi ne. Karin bai hau sama da yawa ba, bai sauka ƙasa da yawa ba, duk mai murya zai iya bi, tsohuwa da yaro. Amshin yana dawowa da wuri. Wanda ya tsara ta ya san taro zai rera ta, ba gwani kaɗai ba. Don haka Abban Humaira, ban yarda harshe kaɗai ne ya raya ta ba. Akwai ɗaruruwan waƙoƙi da aka yi da Maltanci a waɗannan shekaru da ba wanda ke tuna su yau.

Abban_Humaira:
Sarkin Garaya, ban ce harshe kaɗai ba. Cewa na yi harshen bai hana ta ba. Kuma in tambaye ka, da wannan karin ne aka ɗora masa baitocin Turanci, kana jin tsofaffin da Baƙon Marsa ya ambata za su miƙe su dafa kafaɗa?

Sarkin_Garaya:
Wannan kam da wuya. Amma ka ga ke nan abu biyu ne suka haɗu.

Ɗan_Kwari:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku lissafi. Waƙa sana'a ce, mawaƙi yana da iyali. Kasuwar mutum rabin miliyan nawa za ta ba ka? Su kansu 'yan Malta sun gwada sun gani. Gasar Eurovision, wato gasar waƙa ta ƙasashen Turai, sun fara shiga a 1971 a Dublin, Joe Grech ya rera da Maltanci, suka zo na ƙarshe. A 1972 suka sake turo waƙa da Maltanci, suka sake zuwa na ƙarshe. Da suka koma Turanci fa? Na uku a 1992, na uku a 1998, na biyu a 2002 da Ira Losco, na biyu a 2005 da Chiara. Wannan ba ra'ayi ba ne, sakamako ne. Xemx tana da daɗi, na ji ta, amma a wajen Malta wa ya san ta? Mu ma nan ba don Abban Humaira ba da ba mu taɓa jin sunanta ba.

Bazazzagiya:
Yaya Ɗan Kwari, gasar dare ɗaya kake aunawa da waƙar da ta yi shekara hamsin a bakin mutane?

Gwanin_Kwamfuta:
Alƙaluman Ɗan Kwari daidai ne, amma akwai abin da ya rage bai faɗa ba. Daga 1977 zuwa 1998 dokar gasar ta tilasta kowace ƙasa ta rera da harshenta na hukuma. Ƙasashe uku ne kawai suke da damar Turanci: Birtaniya, Ailan da Malta. To da Malta ta dawo gasar a 1991 tana da wani fifiko da yawancin sauran ba su da shi, shi ya taimaka mata a waɗancan shekaru. Bayan an cire dokar yawancin ƙasashe suka koma Turanci, kuma har yau Malta ba ta taɓa lashe babbar gasar ba. A ɗaya ɓangaren, Sabiya ta ci a 2007 da harshenta, Fotugal ta ci a 2017 da harshenta, Italiya a 2021, Yukren a 2022. Don haka ba za a ce Turanci ne mabuɗi ba.

Ɗan_Kwari:
Italiyanci da Fotuganci manyan harsuna ne, miliyoyi ke jin su. Kawo min ƙasa mai mutum rabin miliyan da ta ci da harshenta a wannan zamani.

Baƙon_Marsa:
Don adalci, waƙoƙin Ira Losco da Chiara ma ba a manta da su ba a nan, ana sa su, mutane na bi. 'Yan Malta ba su ɗauki Turanci baƙon harshe ba, a makaranta da shi ake karantar da darussa da yawa, akwai ma gidaje a wajajen Sliema da yara ke tashi da Turanci kafin Maltanci. Bambancin da nake gani shi ne irin yanayin. Waƙar Turanci rawa ake yi mata. Ta Maltanci kuwa, na sha ganin dattijo yana rerawa yana share hawaye, musamman baƙin biki da suka zo daga Ostireliya. Bayan yaƙin duniya na biyu dubban 'yan Malta sun yi hijira zuwa Ostireliya da Kanada da Ingila da Amurka, kusan kowane gida yana da dangi a Melbourne ko Sydney ko Toronto. Waɗannan su ma kasuwa ne, Ɗan Kwari, ka saka su a lissafi.

Autan_Mama:
Ni abin da na sani game da Malta da waƙa shi ne Destiny. Babanta ɗan Nijeriya ne ko?

Gwanin_Kwamfuta:
Haka ne. Destiny Chukunyere, mahaifinta Ndubisi Chukunyere ɗan Nijeriya ne da ya buga ƙwallo a Malta, mahaifiyarta 'yar Malta. Ta ci Eurovision ta yara a 2015, sannan ta wakilci ƙasar a ta manya a Rotterdam a 2021, ta zo ta bakwai. Kafin ita Gaia Cauchi ta ci ta yaran a 2013.

Autan_Mama:
Yaya Baƙon Marsa, don Allah ya ake zuwa can? Akwai aiki? Ina da abokai da suke shirin bi ta Libiya.

Baƙon_Marsa:
Ƙanena, zan amsa maka a nan don kowa ya gani. Kada ka bi ta ruwa, kuma ka hana abokanka. Daga gaɓar Libiya zuwa Malta ya haura kilomita 300 na buɗaɗɗen teku, a kwalekwalen roba da aka cika maƙil. Na san mutanen da suka taso tare da ni ba su iso ba, iyayensu har yau ba su ga gawa ba. Wanda ya iso ma tsare shi ake fara yi, sannan jiran takarda, kuma da yawa ana ƙin ba su a mai da su gida. Ƙasar ƙarama ce ƙwarai, murabba'in kilomita 316 ce gaba ɗaya, hayar ɗaki tana cinye rabin abin da ka samu. In kana da sana'a ka nemi hanyar biza ta aiki ko ta karatu, ko da za ta ɗauki lokaci.

Ɗan_Agadas:
Ka ji maganar yayanka, Auta. Ni a Turabulus na tsaya na juyo, kuma abin da na gani a hanyar Sahara kaɗai ya isa.

Maman_Iman:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya shiryar mana da yaranmu. Na samu waƙar, na ji ta. Ni dai muryar mutumin ce ta kama ni, ba ya ihu, ba ya gaggawa. Amma wa yake wa waƙar? Ranar ce da gaske ko wata ce ya sakaya?

Sarkin_Garaya:
Hajiya, mawaƙi ba ya yi wa rana waƙar so haka kawai. Mace ce.

Baƙon_Marsa:
A kicin ɗinmu ma an taɓa wannan musu. Shugaban masu girki, mutumin Gozo ne, ya ce ranar ce da kanta, don a wurinsu rana ita ce arziki, ita ke nunar da tumatir da inabi, ita ke busar da gishirin da suke kwasa a bakin teku, ita ke kawo 'yan yawon buɗe ido. Matar da ke haɗa kek ta ce ita a ranar aurenta mijinta ya sa aka rera mata, don haka ba wanda zai ce mata ba ta soyayya ba ce. A Maltanci kalmar rana mace ce, kamar a Larabci, kamar kuma a Hausa, shi ya sa baitocin suka hau duka biyun.

Alaramma_Ɗanbatta:
Ni ba na sauraren kiɗa, don haka ba zan ce komai a kan waƙar ba. Amma zancen harshen ya ja hankalina. Malamin Lugga, suna da rubutattun waƙoƙi na da, irin namu na ajami? Kuma da wane baƙi suka rubuta?

Malamin_Lugga:
Allah ya gafarta Alaramma, suna da su, amma ba da baƙin Larabci ba. Maltanci da baƙaƙen Latin aka san shi tun farkon rubuta shi. Rubutu na adabi mafi tsufa da aka samu waƙa ce da ake kira Il-Kantilena, ta wani Pietru Caxaro wanda ya rasu a 1485. An gano ta a 1966 a cikin wani tsohon kundin rajistar notare, wato mai rubuta yarjejeniyoyi. Kusan duk kalmominta na asalin Larabci ne, wanda ke nuna cewa Italiyanci daga baya ya yi yawa. Taken ƙasarsu ma da Maltanci yake, wani limamin coci mawaƙi, Dun Karm Psaila, ya rubuta shi, kuma addu'a ce daga farko har ƙarshe. Abin sha'awa, shi Dun Karm da Italiyanci ya fara rubuta waƙoƙinsa kafin ya juyo ga harshen gida, a lokacin da manyan gari ke kallon Maltanci a matsayin harshen kicin da na masunta.

Wajen rubutu sun fuskanci irin matsalar da bokonmu ya fuskanta: sautukan da baƙaƙen Latin ba su da su. Mu muka sa ƙugiya muka sami ɓ, ɗ, ƙ. Su suka sa ɗigo da sanda suka sami ċ, ġ, ż, ħ, da kuma għ da ke tsaye a gurbin ainun da gainun.

Sarkin_Garaya:
Tun da an shiga na da, ku nemi abin da suke kira għana, waƙarsu ta gargajiya. Akwai nau'in da mawaƙa ke tsayawa suna mayar wa juna martani nan take, baiti da baiti, da amsa-amo, masu jita na raka su. UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2021. A can ne za ku ji murya mai tashi sama da ja, wadda ta fi kusa da abin da Ɗalibin Azhar ke nema. Xemx 'yar birni ce a kansa.

Ɗan_Kwari:
Duk na ji. Amma ku lura, duk abin da kuke yabo na tsofaffi ne: waƙar shekarun 1970, waƙar ƙarni na 15, dattijai masu hawaye. Matasa fa? In matasa sun bar harshe, waƙa ɗaya ba za ta cece shi ba.

Baƙon_Marsa:
Matasan ba su bari ba. Akwai The Travellers, su ma 'yan Gozo ne, samari, da Maltanci suke waƙoƙinsu kuma rediyo na sa su sosai. Akwai Aidan da ya fitar da "Naħseb Fik" a 2021, kiɗan zamani na rawa, yara suka haddace. Suna da gasar L-Għanja tal-Poplu tun 1973, ga kuma Mużika Mużika da ake nunawa a talabijin, duka biyun da Maltanci ake rerawa. Inda nake ganin damuwarka tana da tushe shi ne wajen yawan baƙi. A ƙidayar 2021 fiye da mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar ba ɗan Malta ba ne, ni ma ina cikinsu. A kanti, a bas, a gidan abinci, dole tsohuwa ta yi Turanci kafin a sallame ta, kuma suna ƙorafi a kan haka a fili. Shi ya sa nake ƙoƙarin koyon harshen. In na ce wa tsoho "kif int?", wato "yaya kake?", fuskarsa sakewa take yi.

Abban_Humaira:
To Ɗan Kwari, ka ji. Ni abin da ya sa na kawo zancen tun farko ke nan. Idan yaro a Gozo zai iya zama ya tsara waƙa da harshen da mutum rabin miliyan ke ji, ya kuma sami masu saurare, ban ga uzurin mawaƙin da ke da miliyoyin masu jin harshensa amma yake ganin sai ya cusa Turanci za a ɗauke shi da daraja ba.

Ɗan_Kwari:
Uzurinsa kuɗi ne, Abban Humaira, kuma ba abin kunya ba ne. Ina so Baƙon Marsa ya tambayar mana wannan shugaban girkin nasu ɗan Gozo: mawaƙan da ke yi da Maltanci zalla, da waƙar suke ci da iyalinsu ko suna da wani aiki da rana? Amsar ita za ta raba mu.

Bazazzagiya:
Ko da suna da wani aikin, me ya rage wa waƙar?

Ɗalibin_Azhar:
Ni har yanzu ina kan bakana game da harshen. Malamin Lugga, in an jima zan kawo maka jimloli biyar na Maltanci da makamantansu na Tunisiya mu jera su, sai jama'a su yi hukunci.

Baƙon_Marsa:
Ɗan Kwari, gobe muna da biki, shi zai jagoranci girki, zan tambaye shi in mun tashi. Makaɗan da aka ɗauko ma zan tambaye su kai tsaye, don su suka fi sanin aljihunsu.